Wayar girke: mai sayarwa ne ke riƙe da mudu

A kan teburin da ke bakin ƙofar ofishinmu a Wuse, nan Abuja, akwai wata baƙar wayar tarho ta girke wadda matasan da ke zuwa yankar tikitin jirgi kan tsaya su kalla kamar kayan tarihi, wasu har su tambaya ko tana aiki. Tana aiki, kuma lambarta ce a jikin allon ofis da rasidai da takardun da muke bai wa masu niyyar Umara, da ita kuma banki da kamfanonin jiragen sama suka san mu. Ni ne akantan wurin, saboda haka duk ƙarshen wata takardar bil ɗinta a gabana take sauka. Shekarun da na yi ina karanta wannan takarda sun tabbatar mini cewa tsadar kira, duk da ana jin ta a jika, ita ce ƙaramar damuwar mai wayar girke a ƙasar nan. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke sayar masa da haja shi ke riƙe da mudu, shi ke yin awo a bayan labule, shi ke faɗin abin da ya auna, kuma idan gardama ta tashi gabansa za a fara kai ƙara.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ba haka ciniki yake ba. Mai saye yana tsaye ake cika mudu, yana ganin ko an yi masa tozo ko an shafe, kuma idan ya ga gindin mudun a lotse yana da bakin magana, yana da sarkin kasuwa da zai kai wa kuka. A gidan mai direba yana kallon lambobin famfo suna juyawa, gwamnati kuma tana da sashen awo da ma'auni wanda aikinsa ke nan ya tabbatar lita lita ce. Ko wutar lantarki, da duk abin da ake faɗa a kanta, wanda ya samu mita yana iya leƙa bangonsa ya ga abin da ya sha. Mai wayar girke ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na'urar da ke ƙirga mintocinsa tana can cikin kwamfutar kamfani, bai taɓa ganinta ba kuma ba zai gan ta ba, abin da ke zuwa hannunsa kawai jimilla ce da ranar da za a yanke shi idan bai biya ba.

Wannan ciwo ya daɗe. A Jos na tashi, lokacin da lambar garin take 073, kuma a duk layinmu gida ɗaya ne ke da tarho, gidan wani attajiri mai fataucin kayan gwari zuwa Kudu. Wayar tana zaure a kan wani ɗan tebur, an lulluɓe ta da kyalle saboda ƙurar hunturu, an kuma maƙala ɗan ƙaramin kwado a jikin faifan da ake juyawa, mabuɗin yana aljihun maigidan. Ana iya amsa kira, ba a iya bugawa. Mu yara mu ne 'yan aike: a turo ka da gudu ka gaya wa maƙwabci ɗansa ya bugo daga Legas, zai sake bugowa bayan sallar Isha'i, ya zo ya jira. A lokacin ina ɗaukar kwadon nan rowa ce. Sai da na girma na fahimci shi ne kaɗai makamin da mutumin yake da shi, domin tun da ba shi da hanyar duba lissafin da za a kawo masa, gara ya toshe ƙofar da lissafin zai shigo.

Kwadon ma bai cika tsare mutum ba. Waɗanda suka yi wannan zamani suna tuna yadda akan buɗe akwatin haɗa wayoyi na bakin titi a ɗora wani a kan layin wani, a yi ta bugawa ƙasashen waje, ƙarshen wata takarda ta zo wa mutumin da bai san kowa a Landan ko Jidda ba. Suna tuna layin da zai mutu tun farkon damina har kaka amma kuɗin haya yana ta hauhawa, da takardar da za ta makara wata da watanni sannan ta zo a dunƙule, da amsar da ake bai wa kowa a kanta ɗaya, wato a fara biya kafin a saurari ƙorafi. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985 ta hanyar haɗe sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, shi kaɗai ne a fagen na tsawon shekaru, kuma har zuwa wajen shekarar 2000 layukan da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Wanda ya yi shekaru yana jiran a ja masa layi, ya bi ta hannun wane da wane kafin ya samu, ba zai yi gigin tayar da jijiyar wuya a kan bil ba, don ya san akwai dubbai a bayansa da ke jiran lambar.

Abin lura shi ne yadda aka fita daga wannan hali. Ba a gyara lissafin wayar girke ba, guduwa aka yi aka bar ta. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta na shekarar aka fara kira, kuma duk da minti ɗaya naira 50 ne, duk da layin kansa ya kai dubbai masu yawa, mutane suka yi tururuwa. Ina ganin ba sauƙin ɗauka a aljihu kaɗai ya ja su ba. Katin da ake kankarewa ya ba su abin da kwadon attajirin nan yake nema ya ba shi: ka sa naira ɗari biyar, ba za a taɓa bin ka bashin dubu hamsin ba. Ko a nan ma sai da aka yi fama da mudu, domin kamfanonin farko da minti suke caji, ka yi magana ta daƙiƙa biyar a cire maka kuɗin sittin, ana ta kuka ana cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu da wuri ba, sai da Globacom ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa sannan abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu ga kowa cikin ɗan lokaci. Gasa ce ta yi wannan aiki, kuma gasa ita ce abin da wayar girke ba ta taɓa samu yadda ya kamata ba.

Labarin NITEL bayan nan sananne ne, ba sai na ja shi ba. An yi ta ƙoƙarin sayar da shi ana fasawa, an ba wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Pentascope riƙonsa a 2003 aka soke yarjejeniyar a 2005, an sayar wa Transcorp a 2006 gwamnati ta karɓe abinta a 2009, daga ƙarshe a 2014 aka sayar da kadarorinsa ga NATCOM a kan kimanin dala miliyan 252, aka dawo da shi da sabon suna ntel a 2016. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Starcomms da Multi-Links, waɗanda suka kawo wayar tebur marar igiya har ta cika shagunan buga waya, su ma sun yi zamaninsu sun shuɗe. Yau layukan salula a ƙasar nan sun haura miliyan 150, na girke kuwa ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ba. Waɗanda suka rage su ne bankuna da otal-otal da asibitoci da ofisoshin jakadanci da ƙananan ofisoshi irin namu. Manyan cikinsu suna da lauyoyi da yarjejeniya ta musamman wadda ta fayyace abin da za a biya su idan layi ya mutu. Ƙananan kuwa takardar da aka miƙo musu suka sa wa hannu, kuma ba su da yawan da za su yi ƙarar da za a ji.

Bari in kawo abin da ya same mu, ba don ya fi na kowa ba, sai don shi na gani da idona. Layinmu na wani kamfani ne mai zaman kansa, ba sai na kira suna ba, kuma kebul ɗaya ne ke kawo mana tarho da intanet, ana biyan kuɗin wata tsayayye sannan a ɗora kuɗin kira a kai. Cikin watan Sha'aban, daidai lokacin da masu son Umarar azumi ke cika ofis, 'yan kwangila suka zo haƙa magudanar ruwa a titinmu, katafila ta tsinke kebul ɗin. Na fita na ga bakinsa a cikin rami, siririn abu kamar igiyar shanya, an jefar da shi gefe a kan jar ƙasa. Kwana goma sha bakwai muka yi wayar tana shiru. Aikin tikiti muka riƙa lallaɓawa da datar wayoyinmu, amma lambar da mutane suka sani ta mutu, kuma duk wanda ya san harkar tafiye-tafiye ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum idan ya ba da miliyoyinsa sannan ya buga waya ba ta shiga. Wata dattijuwa ta taso tun daga Suleja da jikanta, ta shigo tana haki, ta ce da ni: “Ɗan nan, kwana uku ina sa a buga muku, na ce ko kun tattara kun gudu da kuɗin mutane.” Na ce: “Hajiya, ki gafarce mu, wayar ce ta lalace, ga fasfonki ga bizarki.” Ta zauna ta sha ruwa, ta yi mana addu'a, amma kuɗin motarta da fargabar da ta kwana da ita babu wanda zai biya.

Da wata ya ƙare takarda ta zo cif, kuɗin wata cikakke kamar ba abin da ya faru. A ƙasansa akwai kuɗin kira, kuma da na nemi a ba ni bayanin kiran ɗaya bayan ɗaya, abin da sai da na je da ƙafata sau biyu kafin na samu, sai na ga an jera wasu a cikin kwanakin da wayar take mace. Akwai kuma wani layi da aka rubuta wa suna mai kama da “sauran caji”, sannan harajin VAT na kashi 7.5 a kan duka, har da kuɗin kwanakin da ba a yi mana aikin komai ba. Yarinyar da ke kan kanta ba ta yi mini rashin kunya ba, ta ma tausaya, amma amsarta ita ce wadda iyayenmu suka sha ji: “Yallaɓai, abin da kwamfuta ta fitar ke nan. Ka fara biya kada a yanke ku, in ya so sai a duba.” Daga baya wani babba a wurin ya bayyana mini cewa kiran da na gani na watan baya ne da suka makara shiga lissafi, aka buga musu ranar da aka shigar da su. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, ban ce ƙarya ya yi ba. Damuwata ita ce ba ni da wata hanya ta gane gaskiyar ko akasinta, sai dai in yarda da shi don ya faɗa.

Abin da ya warware mana shi ne wani lauya cikin masu sayen tikiti a wurinmu, wanda ya ji ina mita ya ce: “Malam, daina zuwa da baki. Rubuta musu takarda, ka nemi lambar ƙorafi, ka biya abin da ba ka jayayya a kansa, ka gaya musu ka san ƙa'ida ba ta yarda a yanke ka a kan kuɗin da ake bincike ba.” Haka na yi. Cikin mako biyu aka cire mana kuɗin kwanakin, aka kuma rubuto cewa an yi mana hakan ne don kyautata hulɗa, wato alfarma. Kalmar nan ta tsaya mini a rai, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne maƙwabtanmu. Ɗakin gwajin jini da ke samanmu da mai shagon buga takardu da ke gefenmu kebul ɗin nan ɗaya muke sha da su, rana ɗaya ya tsinke mana, rana ɗaya aka ɗaura, kuma kamfanin ya fi kowa sanin haka tun da ma'aikatansa ne suka yi gyaran. Su ba su rubuta takarda ba, saboda haka suka biya kuɗin wata cikakke.

Wannan ne ya sa nake cewa ƙarancin doka ba shi ne ciwonmu ba. An kafa NCC tun 1992, aka ƙarfafa ta da Dokar Sadarwa ta 2003, wadda sashe na 108 a cikinta ya hana kamfani sanya farashi sai da amincewar hukumar. Tun 2007 akwai ƙa'idojin hulɗa da masu amfani da waya, waɗanda suka wajabta lissafi ya zama daidai, mai waya ya iya samun bayanin abin da aka caje shi, kowane kamfani ya kasance da tsarin karɓar ƙorafi, kuma a guji yanke wa mutum layi a kan kuɗin da ake jayayya a kansa muddin ana bincike. Akwai lambar 622 da ake bugawa kyauta idan an kai kuka ga kamfani bai share hawaye ba, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Duk waɗannan suna nan, kuma ba na raina su. Sai dai dukkansu an gina su ne a kan zaton cewa wanda aka cuta zai gane an cuce shi, zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, zai iya rubuta takarda da Turanci, kuma yana da lokacin bin sawu. Ga kuɗin da bai wuce dubu goma ko ashirin ba, mutum mai sana'a zai auna zirga-zirgar da cunkoson hanya da wunin da zai rasa, ya ce Allah ya isa, ya biya. Idan aka tara irin wannan Allah-ya-isa na kowane titi da katafila ta bi a Abuja, inda aikin hanya ba ya ƙarewa, kuɗi ne mai kauri da ke zama a aljihun da bai yi aikinsa ba.

Adalci ne a faɗi uzurin kamfanonin, domin suna da shi. Ba su suka tsinke kebul ɗinmu ba, kuma kowace rana ana tsinke musu irinsa a wurare da dama, wani da katafila, wani da hannun ɓarawon da ke zaton zai samu tagulla a ciki. Kayan aikinsu da dala ake sayowa, dalar da take wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Injinansu da man dizal suke kwana, jihohi da ƙananan hukumomi kuma kowa da harajin da yake ɗora musu, har kuɗin izinin haƙa ƙasa a binne kebul, wanda aka yi yarjejeniyar daidaita shi a kan naira 145 kowace mita amma ba kowace jiha ta bi ba. Shi ya sa lokacin da NCC ta amince da ƙarin farashin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a watan Janairun 2025, bayan kamfanonin sun nemi ninki kuma an shafe tun 2013 ba a taɓa farashin ba, ban shiga sahun masu cewa sam bai halatta ba, ko da yake na fahimci fushin ƙungiyar ƙwadago da na duk wanda albashinsa bai motsa ba. Ni akanta ne, na san kamfanin da kuɗin shigarsa bai rufe na fitarsa ba rufewa zai yi, kuma mun ga yadda waɗanda suka gabata suka rufe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi ta muhawara a kan nawa ne kuɗin mudu, a manta da tambayar ko mudun cike yake. Ƙarin kashi 50 a kan wata mai kwana talatin abu ne da za a iya lissafawa a shirya masa. Wata mai kwana goma sha uku da aka karɓi kuɗin talatin a kansa ya fi ninki, kuma babu hukumar da ta amince da shi.

Idan ɗan kwangila ya yi ɓarna, tsakaninsa ne da mai kebul, kuma tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, saboda haka kamfani yana da inda zai bi haƙƙinsa. Abin da bai kamata ba shi ne a juyo a ɗora asarar a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin su ukun, don kawai shi ne ba zai iya ja ba. A ganina gyaran da ya fi kowane muhimmanci, kuma wanda bai buƙatar sabuwar doka daga majalisa, shi ne hukumar ta wajabta cire kuɗin kwanakin da layi ya mutu kai tsaye, ba tare da mai waya ya nema ba, ya fito a takardar watan a rubuce: kwana kaza babu sabis, an cire naira kaza. Kwamfutar da ta iya tuna kiran watan baya ta ɗora shi a wannan watan ba za ta kasa tuna ranar da kebul ya tsinke ba. Yin haka zai kuma sa gyara ya yi sauri, domin kamar yadda muka gani, kamfanin da ya yi kwana goma sha bakwai bai ɗaura waya ba bai rasa ko kwabo ba a wurin waɗanda ba su rubuta takarda ba, sai ma ya huta da ɗaukar kira.

Sai kuma mudun kansa. A 2024, da kukan zurarewar data ya yi yawa, NCC ta umarci kamfanonin salula su kawo masu bincike daga waje su duba na'urorin lissafinsu, ta kuma fitar da ƙa'idar sauƙaƙa tsarin farashi don mutum ya gane abin da yake saye. Mataki ne mai kyau, kuma ya nuna hukumar ta yarda cewa bai dace a bar kura da ajiyar nama ba. Abin da nake nema shi ne a mayar da wannan bincike na kowace shekara, ya haɗa da masu layin girke komai ƙanƙantarsu, a kuma buga sakamakon inda kowa zai gani, tare da adadin ƙorafin lissafi da aka kai wa kowane kamfani da yawan waɗanda aka samu mai ƙorafin da gaskiya. Bayanin kira ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka yi shi da tsawonsa, ya riƙa zuwa tare da bil ba sai an roƙa ba. Duk cajin da ba a iya kiran sunansa da kalmar da mai shago zai gane, a hana sa shi. Kuma tun da a yankinmu akwai ɗimbin 'yan kasuwa da suka fi sakewa da Hausa, ba abin kunya ba ne a buga haƙƙoƙin nan cikin Hausa a bayan takardar bil, inda yanzu ba a sa komai sai lambobin asusun da za a tura kuɗi. An yi makamancin wannan a harkar wuta, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sanya iyaka a 2020 ga abin da za a iya caje wanda ba shi da mita. Bai kashe matsalar ba, amma ya ba mai ƙorafi takardar da zai ɗaga.

Kada a ce masu wayar girke sun yi kaɗan har hannun hukuma ba ya kai musu. Daga farkon Janairun 2024 aka sauya tsarin lambobinsu gaba ɗaya, aka ƙara 02 a gaba, lambar Abuja da ke farawa da 09 ta koma 0209, ta Legas ta koma 0201, ta Kano ta koma 02064. An ba da sanarwa watanni kafin ranar, kamfanoni suka bi, masu ofisoshi suka sake buga alluna da rasidai, aka wuce wurin. Hukumar da ta iya sa kowane layin girke a ƙasar nan ya sauya lamba a rana ɗaya tana iya sa kowane bil ya sauya fasali.

Wani zai ce ɓata baki ne a kan abin da ya kusa shiga kabari, kowa ya koma salula a huta. Ina ganin mai wannan magana bai duba abin da ake binnewa a gefen titunan Gwarimpa da Jabi da Lokogoma ba. Kebul ɗin intanet da ake ja wa gidaje da makarantu da shaguna yanzu wayar girke ce ta dawo da sabuwar riga: igiya ce da ta shigo gidanka daga kamfani ɗaya, wanda sau da yawa shi kaɗai ne ya kawo layinsa unguwar, ana biyansa kuɗin wata, kuma idan ka fusata ba za ka iya cire shi ka sa wani ba kamar yadda ake sauya layin salula a bakin titi, sai ka sake biyan kuɗin ja da na na'ura, in ma akwai wani kamfanin a kusa. Gwamnatin tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa irin wannan kebul na kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Idan ya tabbata, mutanen da za su riƙa karɓar bil na wata za su tashi daga dubbai su koma miliyoyi, kuma al'adar lissafin da za su tarar ita ce wadda ake yi mana yau, mu 'yan kaɗan da ba a jin muryarmu. Gyara ta yanzu, lokacin da abin bai yi yawa ba, ya fi sauƙi da araha ga kowa, har da kamfanonin.

Kafin a kai can, na sayi ɗan littafi mai bango ja na ajiye kusa da wayar, na ɗaura masa biro da zare. Duk wanda ya ɗaga ya ji shiru yakan rubuta rana da lokaci, idan ta dawo a sake rubutawa, kuma kowane kira zuwa Saudiyya ana shigar da shi da mintocinsa. Mai gidanmu, Alhaji, ya ga littafin ya yi dariya ya ce: “Akanta, har wayar ma sai ka buɗe mata rajista?” Na ce: “Ranka ya daɗe, ita ce mitarmu.” Mai ɗakin gwajin jini ya sauko ya duba shi makon jiya, ya tambaye ni inda ake sayar da irinsa, na kuma ba shi kwafin takardar da na rubuta wa kamfanin ya sauya suna da kwanan wata.